Kiran da Malama Take Tsayawa Ta Amsa

Ƙanena Auta da kishinsa aka haife shi. Ni ce babba a ɗakinmu, ni na goya shi, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Tun yana rarrafe, in Umma ta ɗora ɗan maƙwabta a cinya, sai ya rarrafo ya kama ƙafar yaron yana ja yana tsala ihu har sai an sauke shi. Mu mu yi ta dariya, Umma ta ce a ƙyale mata autanta, in ya girma zai bari. To ya girma, ya tara gemu, ya yi aure, bai bari ba. Gida kawai ya sauya wa kishin, ya kwashe shi kaf ya kai kan matarsa.

Matar tasa malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, har Umma. Doguwa ce, ba ta da kwaramniya, in tana magana sai ka matso kafin ka ji. Ni kaina takan ba ni haushi wani lokaci, don ba ƙaramin abin haushi ba ne kana dangin miji ka duba sama ka duba ƙasa ka rasa laifin da za ka kama. Tana da 'yar ƙaramar mota ruwan toka da take zuwa aiki da ita can ɗaya ƙarshen gari, kuma tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa shiga motar ya sani. Kafin ta tayar, sai ta jefa waya cikin jaka, ta zuge, ta miƙa jakar kujerar baya. Daga nan ko wayar za ta fashe da kuka ba ta waiwaya sai ta isa inda za ta.

Auta kuwa motar kamfanin sabulu yake ja, yana rarraba kaya kanti-kanti, kuma wayarsa ba ta sauka daga kunne. Ya matse ta da kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, yana ciniki da mai kanti yana zagin mai babur duk a lokaci guda. In ka yi masa magana ya ce shi hannunsa ya faɗa, ko ido rufe zai kai mota gida. Tsakanin kanti da kanti kuma Malama yake kira, tambayar ba ta canzawa: kina ina, ke da wa. Abin ya fi tsananta da an tashi daga makaranta, daidai lokacin da ya san sarai tana kan hanya ba za ta ɗauka ba.

Wata rana ina shagona ina fama da ɗinkin mutane sai ga shi ya faɗo, sallamar ma a ciki ya yi ta. Ya ture yadin da na shimfiɗa a benci ya zauna, fuskar nan a murtuke.

"Yaya, Malama tana da wanda take tsayawa dominsa."

Na ɗaga ƙafa daga keke. "Tsayawa kamar yaya?"

"Tsayawa da mota mana. Ni in na kira, ai doka ce, ba a amsa waya ana tuƙi. To kwanaki na biyo ta titin gidan mai, wajen mangwaron nan, sai ga motarta a gefe. Ta kashe inji, waya a kunne, tana dariya har da dukan sitiyari. Yaya, yaushe rabon Malama ta yi mini irin wannan dariyar?"

"Kai yaushe rabonka da faɗin abin dariya?"

Bai ko kula ni ba. Ya ce a nan take ya kira ta, yana hango ta ta ɗago wayar ta duba ta mayar kunne ta ci gaba da hirarta. Da suka koma gida ya tsare ta, ba ta musa ba. Ta ce e, kusan kullum takan tsaya a nan ta amsa wani kira. Da ya ce na wa, sai ta ce amana ce, an roƙe ta kada ta faɗa, kuma ba abin da yake zato ba ne.

"To ka buɗe wayar ka gani mana," na ce.

"Ta sa mata kulle."

"Tun ranar da ka goge mata lambobin maza, har ta shugaban makaranta da ta bakanike?"

Ya kau da kai. Can ya ce akwai ma abin da ya fi wannan ci masa rai. Ranar da motar kamfani ta lalace Malama ta biyo ta ɗauke shi, suna cikin tafiya wayar ta yi kuka daga jaka, wani irin sauti daban da bai taɓa ji ba, ba irin wanda take yi in shi ya kira ba. Ya ce yana kallo hannun Malama ya kai kan sigina, sai ta tuna yana zaune a gefe ta janye hannun ta miƙe hanya. Wato shi wannan mutumin har sautinsa aka ware masa.

Na tambaye shi ko ta gaya masa dalilin da shi ba ta tsaya masa. Ya yi tsaki. "Wai lokacin ni ma ina kan titi, in ta amsa ita ce za ta sa in yi ta surutu ina tuƙi. Wai ranar da na fara fakawa kafin in kira, ita ma za ta faka ta amsa. Ji fa! Kantuna suna jirana, in yi ta fakawa kamar ɗan koyo?"

"Ka kai maganar wurin Umma."

"Umma ai ta Malama ce, me za ta ce? Ni ko kirana ma ta daina. Da kullum sai ta dame ni da ka ci abinci, ka sha ruwa. Yanzu ta hutar da ni." Ya faɗi wannan yana kakkaɓe zaren da ya maƙale masa a wando, ya wuce kan abin da ya kawo shi.

Abin da ya kawo shi mota ce. Maigidana ya yi tafiya, ya bar motar da ya saya kwanan nan a gida, makulli a hannuna, kuma Malama ba ta taɓa ganinta ba. Dabarar Auta ita ce ya bi ta daga makaranta har gindin mangwaro, ya bari sai hira ta yi daɗi, ya lallaɓo ya buɗe ƙofa ya fizge wayar. In ana cikin magana kulle ba ya aiki, sunan mai kira yana nan ɓaro-ɓaro a fuskar waya.

Na ce ba da ni ba. Ya roƙa, ya yi fushi, ya tashi ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya ce ashe ni ma ba na ƙaunarsa, za a mayar da shi abin dariya a gari ina zaune ina ɗinki. Idonsa har ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne, yaron nan ya rame. Yana son matarsa, sai dai irin son da ke hana mutum barci ya hana na kusa da shi sakat. A ƙarshe na ce to, amma ƙafata ƙafar motar, ba zan bar dukiyar mutum ta fita ba na ciki ba. Kuma ni ma ɗin ina son in ga wane ne wannan da yake sa Malama dukan sitiyari, Malamar da in na zuba mata labari mai daɗi iyakarta murmushi.

Washegari muka je muka laɓe a tsallaken makarantar, bayan wata motar ɗaukar yara. Auta ya saka hular maigidana da baƙin tabarau, wai kada a gane shi, ya zame a kujera har gemunsa yana taɓa sitiyari. Aka buga ƙararrawa, yara suka ɓarke da fitowa, masu sayar da alawa suka yi musu caa. Can sai ga Malama, wani mutum yana biye da ita riƙe da tarin littattafai.

"Ga shi nan!" Auta ya damƙi hannuna.

"Sakar mini hannu. Wannan tsohon da ke ɗingishi? Ai ya haifi Malama."

Tsohon ya zuba mata littattafan a but ɗin motar, ta yi masa godiya, ya juya ya koma ciki. Muna kallo ta buɗe jaka ta jefa waya, ta miƙa jakar baya, ta ja bel ta ɗaura, ta gyara madubi. Sannan ta kunna sigina, ta jira sai da yaran suka gama tsallakawa ta hau titi.

Muka bi ta, motoci biyu ko uku a tsakaninmu. Ba mu yi nisa ba Auta ya zaro waya ya danna kiranta, ya sa a lasifika ya riƙe a saman sitiyari. Tana ta ƙara, mu kuma muna hango ƙeyar Malama ta gilashin baya, ko gezau.

"Kin gani ko, Yaya? Kin gani da idonki?"

"Na gani. Mace tana tuƙi tana kallon gabanta. Kai ma ajiye ka kalli naka."

Ya sake kira. Ya kuma sakewa. A shataletale saura kaɗan ya kwashe wani mai babur da buhu a baya, mutumin ya bi mu da zagi, Auta ya leƙa ta taga ya rama. Na ce wallahi in ya goga wa motar nan ko ƙwarzane shi zai yi wa maigidana bayani. Ya ce in kwantar da hankalina, shi da yake jan babbar mota cike da kaya, wannan 'yar kwalin ce za ta gagare shi?

Da muka hau titin gidan mai wata bas ta shiga tsakaninmu da Malama, ta rufe mana ita gaba ɗaya. Auta ya ce ba komai, ai ya san inda za ta. Ya fara raɓawa gefen titi don ya sami inda zai tsaya nesa kaɗan da mangwaron. Sai kuma wani abu ya zo masa, ya ce bari ya tura mata saƙo, ta yadda in ta ɗauko wayar za ta fara ganin nasa kafin ta amsa wa wancan. Ya sunkuyar da kai yana rubutu da babban yatsa, yana karantawa a fili, "Na san akwai wanda ya fi ni..."

Bas ɗin ta kauce ta koma tsakiyar titi, sai ga bayan motar Malama a gabanmu, a tsaye cik, sigina tana ƙiftawa.

"Auta!"

Ya ɗago, ya taka birki, amma ina. Ƙarar da na ji har yau in an saki murfin tukunya a ƙasa sai gabana ya faɗi. Bel ya riƙe ni ya ƙwace mini numfashi, Auta da bai ɗaura ba ya sara goshi a gilashi. Motar Malama ta yi tsalle gaba, tayarta ɗaya ta faɗa kwata, ta karkace ta tsaya. Fitilun baya suka zube a kwalta, ganyen mangwaro yana sauka a kan bonet ɗinmu da ya tattare.

Kafin in kwance bel Auta ya fita, jini yana bin hancinsa, hular ta faɗi. Ya ruga ya fizge ƙofar direba. Ni ma na sauko ina dafe da ƙirji na bi shi, don haka abin da ya biyo baya a kan idona aka yi.

Malama ta riga ta kwance bel ta juya ta ɗauko jaka kafin mu buge ta, shi ya sa bugun ya same ta a karkace. Tana jingine da sitiyari, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, jini yana zuba daga girarta. Idonta biyu. Ta ga mijinta, na ga leɓenta ya motsa, ta ɗan ɗago lafiyayyen hannun tana miƙa masa. Wayar kuwa tana ƙasa wajen birki, fuskarta a haske, ana ta magana a ciki.

Auta ya sunkuya, ya tsallake hannun da aka miƙa masa, ya zura nasa ta kan ƙafafunta ya ɗauko wayar.

Ya kalli sunan. Ni ma na leƙa ta kafaɗarsa na gani, an rubuta Ummanmu. Muryar kuwa ko ba a sa a kunne ba ana jinta, don ihu take yi.

"Malama! Malama, yi magana! 'Yata, ki amsa mini! Wayyo Allah na kuma, na kuma!"

"Umma?" in ji Auta, da wata 'yar siririyar murya.

Ihun ya tsaya. Sannan Umma ta ce, "Auta? Kai me ya kai ka wurin?"

Yana nan tsaye da waya a hannu sai da ma'aikatan gidan mai suka ture shi gefe, ni da wata mata mai sayar da lemo muka tallafo Malama, aka tare tasi. Har muka sa ta a ciki ba ta sake kallon inda yake ba.

A asibiti aka shige da ita, aka bar mu a baranda kan dogon benci. Wata nas ta manna wa Auta auduga a goshi tana yi masa faɗa bai san tana yi ba. Ba a jima ba sai ga Umma, mayafi a karkace, takalmi wari da wari, ɗan maƙwabta da ya kawo ta yana biye. Ba ta tambaye mu komai ba sai da likita ya fito ya ce karaya ce a hannu da ƙashin kafaɗa, an yi ɗinki a gira, za ta warke in an yi haƙuri. Sannan ta zauna a tsakaninmu.

Ni na ba ta labari. Ban rage komai ba, har hular da tabarau. Umma ta saurara tana kallon takalmanta. Da na gama ta juya wajen autanta.

"Ka tuna ranar da ka goga wa wata mota a shataletale, bara?"

Ya yi tunani. "Wannan ai ɗan fenti ne, Umma, a nan muka sasanta."

"Ni ce a waya ranar. Ina tambayarka ko ka ci abinci. Na ji birki, na ji ƙara, wayar ta faɗi. Ina jin mutane suna hayaniya, ina kiran sunanka ba ka amsawa. Na zauna a tsakar gida da waya a kunne har kati ya ƙare. Na ce shi ke nan, na kashe ɗana da bakina. Da yamma sai ga ka ka shigo kana dariya kana buɗe mini kwanuka."

Auta ya ɗago ya dube ta. Wallahi ya manta da ita yake magana a ranar, a fuskarsa na gani.

Umma ta ce tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara kiransa yana wurin aiki ba, tunda shi ba ya iya ganin kira ya ƙyale kuma ba ya iya tsayawa. Amma da la'asar ta yi sai hannunta ya dinga kai wa waya, ta ɗauka ta ajiye, har abin ya kwantar da ita. Malama ce ta zo duba ta ta lura, ta yi ta lallashi sai da ta faɗa mata. Ita ce ta ce, to Umma ki dinga kirana ni, zan sa miki sautinki daban, in na ji zan nemi wuri in tsaya in kira ki ko in amsa, ba za ki taɓa jin hon a wayata ba.

"Kuma ban taɓa ji ba," in ji Umma, "sai yau."

"To me ya sa aka ɓoye mini?" Auta ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Don na san abin da na haifa. Ka ji ina kiran matarka kullum ba na kiranka, ai da ita za ka koma kishi. Ni na ce kada ta faɗa, ita kuma ta riƙe mini."

"Dariyar fa? Me kuke cewa take irin wannan dariyar?"

Na ji kamar in kai masa duka. Matarsa tana ciki an naɗe ta da bandeji, shi yana nan yana bin bashin dariya. Umma ta dube shi ta girgiza kai.

"Hirarka muke yi, Auta. Wace hira gare ni in ba taka ba? Ina ba ta labarin yadda kake jan ƙafar 'ya'yan mutane, da ranar da ka ciji akuya don na shafa mata kai. Ita kuma ta gaya mini ka ci abinci ko ba ka ci ba."

A nan ni ma nawa kishin ya motsa. "Ni fa, Umma? Ni da ba na tuƙi, me ya hana a kira ni?"

"Ke in na kira ki keken ɗinki nake ji. Uhm, uhm, to Umma, to Umma, ƙafarki ba ta tsayawa. Ita kashe mota take yi ta saurare ni."

Muka zauna ni da ƙanena, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowa yana jin zafin matar da ke kwance a ciki, alhali ba abin da ta yi mana sai alheri.

Da aka ba da izinin shiga, Umma ta fara, sannan mu. Malama tana kwance an ɗaure mata hannu a ƙirji, ido ɗaya ya kumbura. Auta ya durƙusa a gefen gadon ya kama ƙarfen, ya fara ba da haƙuri, kalmomin suna karo da juna. Ya ce shaiɗan ne, ya ce so ne ya jawo, ya ce zai gyara motar, ya ce daga yau ko wayar ma ya daina riƙewa. Ta bar shi sai da ya gaji don kansa.

"Karon na yafe," ta ce, a hankali kamar yadda ta saba, sai da muka matso. "Bin da ka yi mini ma na yafe, na san halinka na aure ka. Amma da ka buɗe ƙofar nan na ɗauka ni ka zo ɗauka. Na miƙa maka hannu."

Ya kifa goshi a kan katifa. Ita kuma ta juyar da fuska wajen bango ta ce Umma ta gyara mata filo.

Da aka sallame ta ba ta koma gidansa ba. Iyayenta suna nesa, kowa ya ɗauka can za a kai ta, sai Umma ta ce ba inda za ta, ta share mata ɗakin Auta na samartaka ta shimfiɗa sabon zanen gado. Ita take yi mata wanka, ita take ba ta abinci a baki kafin hannun ya yi ƙwari. Maigidana da ya dawo ya ga motarsa a wurin mai gyara, abin da ya faɗa mini ba na maimaitawa ba ne, amma wannan tsakanina da shi ne.

Auta kullum da yamma yana gidan, da leda a hannu. Umma takan amsa gaisuwarsa, ta karɓi ledar, ta nuna masa kujerar roba a tsakar gida. A nan yake zama, ƙofar tsohon ɗakinsa a gabansa, labule a sake, yana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, wani lokaci dariya ta ɓarke. Na taɓa ganinsa ya miƙe ya kai hannu kan labulen, ya tsaya, ya dawo ya zauna. An cire ɗaurin hannun, Malama ta koma makaranta a tasi, amma maganar komawa gida ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da na matsa mata ta ce mini, "Yaya, in na rufe ido har yanzu hannunsa nake gani yana wucewa. Ki bari ya daina tukuna."

Kwanan baya na je sayen zare da la'asar, tasi ta biyo da ni ta titin gidan mai. Sai na hango motar kamfanin sabulu a gindin mangwaro, an kashe inji. Na ce mai tasi ya sauke ni. Auta yana zaune a ciki, bel a ɗaure, tabo a goshi, ya jingina waya a jikin gilashi yana kallonta. Kwalayen sabulu cike a baya, ko rabi bai rarraba ba.

"Kantuna ba sa jiranka yau?" na ce.

"Su jira."

Wayar ta yi ƙara, ya zabura ya duba, mai kanti ne. Ya bar ta ta gama kukanta ya mayar da ita inda take. Ma'aikacin gidan mai da ke wucewa ya ɗaga masa hannu kamar wanda suka saba, ya ce mini ai kullum war haka yana nan.

"Na gaya wa Umma da Malama," in ji Auta, bai dube ni ba. "Na ce da la'asar ina fake, ba na tuƙi, duk mai son kira ta kira."

"To wa kake jira a cikinsu?"

"Ko wacce, Yaya."

Na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna kusa da shi, zaren a cinyata. Muka zuba wa wayar ido mu biyu har inuwar mangwaron ta tsallaka titi, ba ta yi ƙara ba.